Mutuwa da Ladabi a Littafin Lunyu: Tarken Koyarwar Konfushiyas

Gabatarwa

Akwai wata magana da masu nazarin hikimar ƙasar Sin suka daɗe suna maimaitawa, har ta zama kamar karatun allo, wai Konfushiyas malamin rayuwa ne kurum, bai ce uffan game da mutuwa ba. Hujjarsu ɗaya ce, kuma daga wuri ɗaya suke ɗebo ta, watau babi na 11 na littafin Lunyu. A can ne almajirinsa Zilu ya tambaye shi yadda ake yi wa kurwoyin magabata da iskoki hidima, sa'an nan ya ɗora da tambaya a kan ita kanta mutuwa. Malamin bai warware masa ko ɗaya ba. Abin da ya nuna masa shi ne, wanda bai iya hidimar masu rai ba tukuna bai isa ya nemi hidimar kurwoyi ba, wanda kuma bai gama fahimtar rayuwa ba, to mutuwa ta yi masa nisa.

A cikin wannan takarda muna so mu sake auna wannan hukunci. A ganinmu masu yanke shi sun gama abu biyu da ya kamata a rarrabe. Gaskiya ne Konfushiyas ya kame bakinsa game da abin da ke bayan kabari. Amma game da ita mutuwa, da yadda ake karɓar ta, da yadda ake kukan ta, da abin da ya isa mutum ya ba da ransa a kai, littafin cike yake da zance, har ma muna iya cewa a gaban gawa ne ake gwada yawancin koyarwar da ke cikinsa. Za mu kuma nuna cewa akwai inda koyarwar ta haye wannan gwaji, akwai kuma inda ta yi tuntuɓe, tuntuɓen da ya ci rayukan mutane ɗaruruwan shekaru bayan malamin ya kwanta dama.

Littafin da kalmominsa

An haifi Konfushiyas, wanda Sinawa ke kira Kongzi, watau Malam Kong, a shekara ta 551 kafin Miladiyya, a ƙasar Lu da ke cikin lardin Shandong na yanzu, ya kuma rasu a 479. (Daga nan duk inda muka sa K.M. muna nufin kafin Miladiyya, sunaye kuwa mun rubuta su yadda suka fi sauƙi a bakin Bahaushe.) Ba shi ya wallafa Lunyu ba. Almajiransa da almajiran almajiransa ne suka tattara maganganunsa da ɗan labarin zamansa da su, guntaye wajen 500 a cikin babi 20. A farkon daular Han littafin bai riga ya zauna a kan siffa ɗaya ba, don akwai kofen Lu mai babi 20, da na Chi mai babi 22, da na tsohon rubutu mai babi 21. A 1973 an tono wani kofe da aka rubuta a kan tsagin gora a Dingjo, cikin kabarin wani basarake da ya mutu a 55 K.M. Wannan duka yana tuna mana cewa jerin da guntayen nan suka zo a cikinsa aikin hannun masu tattarawa ne, kuma mai tarke yana da haƙƙin ya tambayi dalilin da ya sa aka ajiye wannan kusa da wancan.

Kalmomi uku za su riƙa dawo mana. Ta farko li, wadda ta ƙunshi ƙa'idojin hadaya da biki da jana'iza da gaisuwa da zama gaban manya. Za mu kira ta ladabi, ko da yake ta fi ladabinmu faɗi. Ta biyu ren, watau cikar mutuntaka da jin ƙan ɗan'uwa mutum. Ta uku junzi, wadda asalinta ɗan sarauta take nufi, amma Konfushiyas ya mayar da ita sunan wanda halinsa ya ɗaukaka shi. Mutumin kirki shi ne mafi kusa da ita a harshenmu, sai dai shi junzi dole ne ya kasance mai karatu, kuma mai shirin riƙe muƙami.

Yadda aka jera babi na 11

Waɗanda ke kafa hujja da amsar da aka ba Zilu sukan ciro ta ita kaɗai, kamar an cire ƙwaya daga carbi. Bari mu mayar da ita mazauninta. Guntaye huɗu da suka gabace ta duka a kan mutuwar mutum ɗaya suke, watau Yan Hui, almajirin da malamin ya fi ƙauna, matalauci, wanda ya mutu da ƙuruciyarsa. Guntun da ya biyo bayanta kuma shi ne inda malamin ya dubi almajiransa tsaye a gefensa, ya ji daɗi, sa'an nan ya ce mai hali irin na Zilu ba zai yi mutuwar kan gado ba. Ashe ke nan an ajiye wannan shiru tsakanin mutuwar da ta riga ta auku da wadda ke tafe. Wanda ya jera su haka ya san abin da yake yi, kuma ya san masu karatunsa sun san yadda Zilu ya ƙare. Malam Cheng Yi na daular Song ya lura da wani abu kusa da wannan, inda ya ce ƙin gaya wa Zilu ɗin shi ne gaya masa mafi zurfi, Ju Shi kuma ya shigar da wannan fassara cikin sharhinsa. Mu dai abin da muke gani shi ne malamin da ya san halin ɗalibinsa: jarumi ne mai gaggawa, wanda mutuwa ba ta ba shi tsoro, don haka darasin da yake bukata na rayuwa ne.

Su kansu guntayen nan huɗu sun isa a tsaya a kansu, domin a nan ne littafin ya fi kusa da adabi. Mahaifin Yan Hui ya roƙi malamin ya sayar da karusarsa a saya wa mamacin akwatin waje, domin masu hali akwati biyu ake yi musu, ɗaya cikin ɗaya. Konfushiyas ya ƙi. Ya ce ɗansa na cikinsa, Boyu, da ya mutu akwati ɗaya aka yi masa, kuma tun da shi ya taɓa bin sahun manyan fada, bai dace ya riƙa tafiya a ƙasa ba. Wannan amsa tana da ɗaci a kunnen mai karatu, kuma bai kamata mu shafa mata zuma ba. Ga uba cikin baƙin ciki, ga malami yana zancen muƙami da karusa. Amma guntun da ke biye ya nuna mana wannan malamin yana kururuwa cewa Sama ta hallaka shi, har sau biyu. Na uku ya nuna shi yana kuka fiye da kima, har na tare da shi suka ce ya wuce iyaka, shi kuwa bai ma san ya wuce ba, ya ce in bai yi wa wannan irin wannan kuka ba, wa zai yi wa? Na huɗu kuma almajirai suka so yi wa Yan Hui jana'iza ta alfarma, ya hana, suka yi gaban kansu. Sai ya ce yaron ya ɗauke shi uba, shi kuwa an hana shi ya ɗauke shi ɗa.

A nan ma'anar ƙin sayar da karusa ta fito. Ɗaukar Yan Hui ɗa yana nufin a binne shi kamar yadda aka binne Boyu, daidai da halin gidansu. Jana'izar alfarma ga matalauci ƙarya ce da ake yi da gawa, kuma mutumin da ya rayu a kan kwano ɗaya na abinci da ludayi ɗaya na ruwa bai canza farin cikinsa ba, bai cancanci a yi masa ƙarya a ranarsa ta ƙarshe ba. Abin lura shi ne, ladabi ya hana malamin ƙara ko da katako ɗaya a kan akwati, amma bai hana shi ƙara hawaye ba. Wannan ya dace da abin da ya gaya wa Lin Fang a babi na 3, cewa a wajen makoki alhini na gaskiya ya fi cika ƙa'ida. Ya kuma dace da abin da babi na 7 ya ruwaito na ɗabi'arsa, cewa ba ya cin abinci ya ƙoshi a gefen mai makoki, kuma ranar da ya yi kuka ba ya waƙa. Har zuwa nan koyarwar a tsaye take daram.

Gardamar Zai Wo

Inda ta fara girgiza shi ne babi na 17. Zai Wo almajiri ne mai kaifin baki. Babi na 11 ya lissafa shi cikin gwanayen magana, babi na 5 kuma ya ajiye mana faɗan da aka yi masa saboda barcin rana. Shi ne ya zo ya ce makokin shekara uku da ake yi wa iyaye ya yi tsawo, shekara ɗaya ta isa. Hujjarsa biyu ce. Ta farko, in mutumin kirki ya bar aikin ladabi da kiɗa har shekara uku, su kansu ladabin da kiɗan za su lalace. Ta biyu, a cikin shekara ɗaya tsohon hatsi ya ƙare, sabo ya shigo, duniya ta yi zagayenta ta dawo. Mu lura cewa hujja ta farko da makamin malamin aka ƙera ta, don babu abin da ya fi damun Konfushiyas kamar lalacewar ladabi da kiɗa.

Malamin bai taɓa ko ɗaya daga hujjojin nan ba. Ya tambaye shi ko zuciyarsa za ta kwanta ya ci shinkafa ya sa alharini bayan shekara ɗaya. Zai Wo ya ce za ta kwanta. Malamin ya ce to ya yi, ai mutumin kirki yana barin waɗannan abubuwa ne domin ba ya jin daɗinsu a cikin makoki. Da a nan aka tsaya, da mun ce amsa ce mai kyau, domin ta mayar da ma'auni cikin zuciya, ta kuma bar wa mutum zaɓinsa. Amma bayan Zai Wo ya fita, sai malamin ya ce ba shi da ren, ya kawo dalili cewa jariri sai ya shekara uku kafin ya bar ƙirjin iyayensa, ya kuma ce makokin shekara uku al'ada ce ta duniya duka.

A ganinmu akwai rauni uku a nan, kuma ba girmansu ɗaya ba. Mafi ƙanƙanta shi ne da'awar cewa kowa haka yake yi. Littafin Manshiyas da kansa ya ƙaryata ta: sa'ad da yariman ƙasar Teng ya so ya yi wa mahaifinsa makokin shekara uku, dattawan gidansu da manyan fada suka ƙi, suka ce ko sarakunan Lu ba su yi haka ba, balle nasu magabatan. Lu kuwa ita ce ƙasar Konfushiyas. Rauni na biyu shi ne mayar da ƙauna bashi, shekara uku a biya shekara uku, kamar lissafin kasuwa, alhali wannan malamin ne ya ce mutumin kirki abin da ya dace yake dubawa, ƙaramin mutum ne ke duban riba. Na uku, wanda ya fi su nauyi, shi ne an ba mutum izini a gabansa, an yanke masa hukunci a bayansa. In ma'auni kwanciyar zuciya ne, to Zai Wo ya faɗi gaskiyar zuciyarsa. In kuwa akwai abin da ya wajaba zuciya ta ji, kuma wanda bai ji shi ba ya fita daga mutuntaka, to an buɗe ƙofa ga duk wanda zai zo daga baya ya ce shi ne zai auna zukatan mutane. Kuma sun zo.

Mozi, wanda ya rayu cikin ƙarni na 5 K.M., shi ya fara kai hari ta wannan ɓaraka. Ya ce jana'iza mai tsada binne dukiya ce, dogon makoki kuma hana mutane aiki ne: manomi ya bar gona, mai saƙa ta bar masaƙa, mai mulki ya bar fada, jiki ya rame har mutum ba ya tashi sai da sanda. Shi akwati mai kaurin inci uku da tufa uku sun isa. Misalin jariri kuwa dariya ya yi masa, ya ce jariri yana kukan iyayensa ba ya dainawa ne saboda rashin wayo, to yaya za a ɗauki rashin wayo a mai da shi abin koyi? Ya kuma kama almajiran Konfushiyas a wani wurin da ya fi zafi. Su suna koyar da hadaya ga magabata, amma ba su tabbatar da cewa magabatan suna nan suna karɓa ba. Malaminsu cewa ya yi a yi hadaya kamar suna nan, a girmama su kuma a yi nesa da su. Mozi ya kwatanta wannan da koyon karɓar baƙo alhali babu baƙo, ko saƙa taru alhali babu kifi. Wannan suka ce mai ƙarfi, kuma Lunyu ba shi da amsarta a cikinsa.

Amsa ta zo daga mutum biyu. Manshiyas, a ƙarni na 4 K.M., ya ba da ita da labari. Ya ce a can da akwai waɗanda ba sa binne iyayensu, sai su jefa su cikin kwazazzabo. Wata rana suka bi ta wurin, suka ga namun daji suna ci, ƙudaje sun yanyame, sai gumi ya keto musu a goshi, suka kasa dubawa. Gumin nan ba don idon mutane ya fito ba. Suka koma gida suka ɗauko kwando da shebur suka rufe su. Wannan misali ya fi na jariri nesa ba kusa ba, domin ya kawar da zancen bashi, ya nuna tushen jana'iza a cikin abin da jiki ke yi tun kafin a yi shawara. Sai dai iyakar abin da ya tabbatar shi ne a binne. Bai tabbatar da shekara uku ba.

Shunzi ne, a ƙarni na 3 K.M., ya yi aikin sosai, a babinsa na bayanin ladabi, wanda a ganinmu shi ne mafi kyawun abin da wannan makaranta ta rubuta game da mutuwa. Ya fara daga tsuntsun da ya rasa abokin zamansa, yakan dawo tsohuwar sheƙa ya yi ta kewaya yana kuka kafin ya tafi. Mutum ya fi tsuntsu sani, don haka ciwonsa ya fi daɗewa. Akwai wanda in an bar shi zai manta da mahaifinsa kafin dare, akwai kuma wanda in an bar shi ba zai daina makoki ba har abada. Aikin ladabi shi ne ya datse abin da ya yi tsawo, ya ƙara wa wanda ya gajarta. Don haka shekara ukun a wurinsa wata 25 ne, kuma iyaka ce da aka sa domin mai rai ya koma rayuwa. Ga sukar baƙo da taru kuwa ya amsa kai tsaye: mutumin kirki yana ɗaukar hadaya hanyar 'yan Adam ce ta bayyana kewa, talakawa ne ke ɗaukar ta harkar iskoki. Hatta kayan da ake binnewa da mamaci, ya ce siffa gare su, ba a yi su don amfani ba. Watau makoki na masu rai ne. Da wannan Shunzi ya rufe bakin Mozi, amma ya yi haka ne ta hanyar faɗin abin da Konfushiyas ya ƙi faɗi, ya kuma raba jama'a biyu, masu sanin sirri da masu zato.

Hukuma kuwa ta ga wahalar abin tun da wuri. Sarki Wen na Han, a wasiyyarsa ta 157 K.M., ya rage makokin da za a yi masa zuwa kwana 36. Amma a daulolin Ming da Ching doka ta wajabta wa ma'aikaci ya ajiye aiki wata 27 in mahaifinsa ko mahaifiyarsa ta rasu. A 1577 mahaifin babban waziri Jang Jujeng ya mutu, bai ajiye aiki ba, waɗanda suka rubuta ƙorafi a kan haka aka yi musu bulala a fada. Tambayar da aka yi wa Zai Wo game da kwanciyar zuciya ta koma makamin siyasa.

Abin da ya fi rai

Akwai wata fuska ta mutuwa a littafin, watau wadda mutum ya zaɓa da kansa. Babi na 15 ya ce mai ren ba ya neman tsira da abin da zai ɓata ren, yana ma iya ba da ransa don ya cika shi. Babi na 12 ya ce in dole mai mulki ya bar ɗaya cikin makamai da abinci da amincewar jama'a, ya fara barin makamai, sa'an nan abinci, domin mutuwa tun fil'azal tana nan, amma jama'a ba ta tsayuwa in babu amana. Manshiyas ya ƙara da cewa rai abin so ne, yin daidai ma abin so ne, in ba za su haɗu ba a bar rai. Tun da ba a yi wa kowa alkawarin sakamako a lahira ba, ladan da ya rage shi ne suna. Littafin ya ce mutumin kirki yana ƙin ya bar duniya ba a ambaton sunansa, ya kuma gwada Sarki Jing na Chi, mai dubban dawaki wanda ya mutu ba a sami abin yaba masa ba, da Boyi da Shuchi da suka mutu da yunwa a gindin dutse amma ana ambaton su.

Zilu ya cika wannan a 480 K.M., a rikicin gadon sarauta a ƙasar Wei. Ya shiga don ya ceci ubangidansa, aka sare igiyar hularsa, ya tsaya ya ɗaure ta domin mutumin kirki ba ya mutuwa kai ba hula, aka kashe shi. Haka nan Wen Tiyanshiyang, wazirin daular Song, ya ƙi yi wa Mangolawa mubaya'a, aka kashe shi a 1283, aka sami rubutu a ɗamararsa yana ambaton wannan koyarwa ta Konfushiyas da Manshiyas. Ba mu da abin cewa ga irin waɗannan sai girmamawa, tun da su suka zaɓa.

Matsala ta taso sa'ad da aka fara zaɓa wa wasu. Cheng Yi, wanda ya rasu a 1107, an tambaye shi ko matar mamaci matalauciya tana iya sake aure, ya ce mutuwa da yunwa ƙaramin abu ce a kan rasa tsarki. Maganar ta shiga littafin da Ju Shi da abokinsa suka tattara a 1175, tafsirin Ju Shi kuma ya zama ginshiƙin jarrabawar shiga aikin hukuma daga 1313 har 1905. A zamanin Ming da Ching hukuma tana ba da izinin gina ƙofofin tunawa ga matan da suka ƙi sake aure, da waɗanda suka bi mazansu kabari, gidajensu kuma suna samun daraja da haka. Marubuci Wu Jingzi, a ƙagaggen labarinsa game da malamai wanda ya kammala wajen 1750, ya zana wannan a babi na 48. Wani tsohon malami matalauci, Wang Yuhui, 'yarsa ta rasa miji ta ce za ta daina cin abinci. Surukanta suna kuka suna hana ta, shi kuwa ya ƙarfafa mata gwiwa. Da ta mutu ya fita yana dariya yana cewa ta yi mutuwa mai kyau. Sai ranar da manyan gari suka yi bikin karrama ta ya kasa zuwa wurin walima, daga baya kuma, a kan hanyar tafiya, ya hangi wata yarinya cikin fararen kayan makoki, hawaye suka zubo masa. A nan Wu Jingzi ya fi malaman zamaninsa fahimtar Lunyu, domin ya mayar da gumin goshi da hawayen da ƙa'ida ta danne. Dai Jen, wanda ya rasu a 1777, ya ce wanda doka ta kashe yana samun mai tausaya masa, amma wanda aka kashe da sunan ƙa'ida ba ya samu. Lu Shun kuma a 1918 ya sa mahaukacin labarinsa ya duba littattafan tarihi ya ga cin naman mutane a tsakanin layukan da aka cika da zancen mutuntaka da adalci.

To, laifin wa ke nan? Masu kare Konfushiyas sukan ce na magada ne kawai. Suna da hujja mai ƙarfi a babi na 14, wadda bai kamata a raina ba. Gwan Jong ya bauta wa wani yarima na Chi. Aka kashe yariman, abokin aikinsa ya bi shi ya mutu, shi kuwa ya rayu har ya zama wazirin wanda ya sa aka yi kisan, watau Sarki Hwan. Zilu da Zigong duka sun kawo ƙararsa, suka ce wannan ba shi da ren. Malamin ya ƙi yarda. Ya ce ta hannunsa aka haɗa kan sarakuna ba da yaƙi ba, jama'a suna cin moriyarsa har zamaninsu, kuma bai kamata a auna shi da ƙaramar amanar wanda zai je ya rataye kansa a kwazazzabo ba wanda ya sani ba. Wanda ya faɗi haka da wuya ya yi dariyar Wang Yuhui. Mun yarda da wannan. Amma ba mu yarda a wanke littafin tas ba, saboda abin da muka gani a babi na 17. Can ne aka fara cewa wanda alhininsa bai kai ma'aunin da aka sa ba ya rasa mutuntaka, kuma aka faɗe shi bayan mutumin ya juya baya. Magada sun ɗauki wannan suka bar na Gwan Jong, domin shi ya fi amfani ga uba a gida da sarki a fada.

Saura mu dubi yadda shi malamin ya fuskanci tasa. Babi na 7 ya ce ya yi ciwo mai tsanani, Zilu ya nemi izini a yi masa roƙo ga iskokin sama da ƙasa, ya ce ai roƙonsa ya daɗe yana yin sa, yana nufin yadda ya tafiyar da rayuwarsa. Babi na 9 kuma ya ce da ciwon ya yi nauyi, Zilu ya shirya almajirai su zama kamar barorin fada, domin in ya mutu a yi masa jana'izar manya, alhali a lokacin ba shi da muƙami. Da ya farfaɗo ya yi fushi, ya tambaya wa zai ruɗa da wannan, ko Sama ce? Ya ce ya fi so ya mutu a hannun almajiransa, kuma ko bai sami babbar jana'iza ba, ai ba a kan hanya za a yar da shi ba. Wannan ma'auni ɗaya ne da wanda ya sa wa Yan Hui, kuma shi ne ya sa muka gaskata cewa ƙin sayar da karusa ba rowa ba ce. Bayan rasuwarsa almajirai suka yi masa makokin shekara uku kamar uba, Zigong kuma ya gina bukka a gefen kabarin ya ƙara wasu uku.

Abin da ya hana Zilu yi masa, sarakuna sun yi. A 739 sarkin daular Tang ya naɗa shi sarki bayan mutuwa. A 1530 fadar Ming ta cire wannan laƙabi, ta mayar da shi malami, ta sa a ɗauke gumakansa daga ɗakunan tunawa da shi a sa alluna. A watan Nuwamba na 1966 matasan Jajayen Dakaru suka zo Chufu daga Beijing, suka farfasa duwatsun tunawa, suka haƙa kabarinsa. Daga baya aka gyara wurin, a 1994 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Dutsen da ke tsaye a gaban tudun kabarin, wanda aka fara kafawa a 1443, har yanzu laƙabin sarki ne a rubuce a jikinsa.